Gafiya Ta Bi Ruwa

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Ba zan rubuta abin da ya faru a bakin kanal ɗin ban ruwa ranar Asabar ba. Na faɗa wa kaina tun kafin in buɗe littafin nan, yanzu kuma na faɗa wa littafin, shi ke nan.

Abin da zan rubuta shi ne motarmu ta rabu gida biyu. Ƙwaƙwalwarta tana wurina, cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Gangar jikinta kuwa, da tayoyi da injinan ƙafa da batir, tana wurin Hidaya 'yar Baffa Hambali, a bayan katangar nan da nake kallo. Da can gida ɗaya ne na kakanmu, aka ja katanga tsakanin Baba da ƙaninsa, aka bar ƙofa a tsakiya. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ƙofar nan a rufe ba. Jiya da safe Baffa ya jingina mata langa-langa, ya tokare da turmi.

Ni da Hidaya aka zaɓa mu wakilci makarantarmu a gasar motocin ɗalibai da za a yi a Kano ranar ashirin da huɗu ga wata. 'Yar mota ce, ba ta kai kwanon tuwo girma ba. Ba rimot, ba igiya. Ana ajiye ta a kan baƙin layi, ita za ta ga layin da kanta ta bi shi duk inda ya lanƙwasa. Ni nake rubuta mata umarni a cikin ƙwaƙwalwar, ɗan shuɗin allon nan da Malama Rekiya take kira maikurokantirola. Hidaya ita ke haɗa wayoyi da dalma. Ni in na riƙe ƙarfen liƙi hannuna rawa yake, ita kuma in ta zauna gaban kwamfuta hamma take farawa. Shi ya sa muka dace.

Yaya Amiru, wan Hidaya, mai gyaran injin ban ruwa, shi ya yanka mata tayoyi daga tsohon silifa, shi kuma ya raɗa mata suna Gafiya, don ranar da muka fara kunna ta ƙarƙashin rumbu ta nufa a guje. Yana asibiti. Ban yi niyyar rubuta wannan ba, amma na rubuta.

Hidaya ba ta zo makaranta ba.

Talata, 6 ga Mayu, da yamma

Ba ta zo ba. Babu shebur ɗin yayana Mudassiru a bayan ƙofa inda yake zama kullum. Ban tambaya ba.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan azahar

Na tashi na tarar yayana Mudassiru ya tafi. Umma ta ce Kumbotso ya je wurin Goggo, wai zai taya mijinta tsaron shago. Wanda zai je tsaron shago ba ya fita kafin gari ya waye, ba sallama, ya bar cajar wayarsa a jikin soket. Na naɗe ta na saka masa a aljihun rigarsa da ke rataye. Umma tana kallona, ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Gidan nan mun ƙware a wannan yanzu.

A makaranta Malama Rekiya ta tsayar da ni bayan an tashi. Ta ce ƙa'idar gasar mutum biyu ne, kuma duk sunan da ke wurinsu ranar Laraba ashirin da ɗaya, shi ne, ba a canjawa. In ɗaya ba ta zo ba, makarantar ta fita. Ta ce in yi tunani a kan Bilkisu 'yar ajinmu, tana da ƙoƙari.

Na ce mata Bilkisu ko kan fitila ba ta iya canjawa. Ba gaskiya ba ne, kuma ban kyauta ba, amma ya riga ya fito. Malama ta dube ni ta saman gilashinta ta ce, "Nafisat, bakin nan naki ya fi motar gudu." Ta ba ni kwamfutar kulob in tafi da ita gida.

To in yi me da ita? Ƙwaƙwalwa ba ƙafa, sai ka ce ni.

Alhamis, 8 ga Mayu, da hantsi ban samu rubutawa ba, yanzu bayan la'asar

Yau na yi dariya, karon farko tun Asabar.

Ina wanke-wanke a gindin katanga, kusa da rariya. Rariyar nan tun zamanin kaka take, mai faɗi ce, kaji ma ta nan suke zirga-zirga tsakanin gidajen biyu ba ruwansu da langa-langa. Ɓangaren su Baffa ya ɗan fi namu tudu, don haka ruwansu ta nan yake shigowa, ya ratsa tsakar gidanmu ya fita waje. Ina cuɗa tukunya sai na ga baƙar leda tana leƙowa ta ramin, ana turo ta da kara. Na ɗauka. Gafiya ce, duk jikinta ƙura.

Na kwanta rub da ciki na leƙa. Ido ɗaya na gani da gefen hanci.

"Jar waya a biyar, baƙa a ƙasa," in ji Hidaya. "In kika juya su na kashe ki."

Na ce mata sannu da zaman kurkuku. Ta ce in rage murya, babanta yana zaure. Innarta tana asibiti tana jinya, da wayar gidan ta tafi, girki da wanki da ƙannen duk sun dawo kanta. Baffa ya ce ba makaranta, ba gidanmu, ba maganar mota, sai abin da hali ya yi. Na so in tambaye ta hannun Yaya Amiru da aka sara. Bakina ya buɗe, sai na ji ina tambayar ko batir yana da caji.

Ta ce yana da shi. Sannan ta ce, "Yana motsa yatsu biyu."

Na ce alhamdulillahi. Kaza ta zo tana son wucewa, dole muka ba ta hanya.

Asabar, 10 ga Mayu, kafin azahar

Na haɗa ta. Jar waya a ramin allon mai lamba biyar, baƙa a ramin da ake kira ƙasa, na duba har idona ya yi zafi. Fitilar ƙwaƙwalwa ta kawo, tayoyi suka juya a iska, ni kuma na yi rawa ni kaɗai a ɗaki.

Sai na shimfiɗa farin kwali a tsakar gida, na ja mata layi da baƙar maka irin ta rubutu a farin allo, mai kauri, mai kyau. Na ajiye ta. Ta tsallake layin kamar babu shi, ta je ta yi karo da randa. Na sake. Ta sake nufar randa. Na canja umarnin, na sake turawa, sai ta fara juyi a wuri ɗaya kamar mai neman abin da ta yar.

Tana da idanu biyu a ƙarƙashin hancinta. Kowanne yana haska ƙasa da wani haske da mu ba ma gani, sannan ya auna nawa ya dawo. Fari yana mayar da hasken, baƙi yana shanye shi. In idon hagu ya ga baƙi, ƙwaƙwalwa ta rage wa tayar hagu gudu, motar ta karkato. In na dama ne, haka. Ba wani sihiri a ciki. Amma da na jona ta da kwamfuta na duba lambobin da idanun ke bayarwa, a kan fari da a kan layina kusan ɗaya ne. Layin da ni nake gani baƙi ƙirin, ita a wurinta babu shi.

Na sayo baƙin salatif na masu gyaran wuta, irin wanda za a yi amfani da shi a gasar. Wannan tana ganinsa. Sai dai kwalin ya yi kaɗan, a kan siminti kuma kafin a jima zafin rana ya ɗaga shi ya nannaɗe, ya manne a tayoyi. Na zauna ina ɓamɓarewa ina zagin salatif da wanda ya ƙera shi.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan magariba

Yaran makarantar allon Baba suna karatu a zaure, na ji ɗaya ya tsallake aya guda, Baba bai gyara masa ba. Baban da ko yana alwala a tsakar gida yake jiyo kuskure ya ɗaga murya.

Talata, 13 ga Mayu, da yamma

Umma ta aike ni gona in kai wa Baba fura. Na bi ta doguwar hanya don kada in wuce ta inda aka raba ruwa.

Shinkafa ta ɗauki ciki, lokacin da ta fi bukatar ruwa ke nan. Gonarmu tana sama, ta Baffa tana ƙasa, ƙaramin kanal ɗaya ke shayar da su, rana ɗaya kuma ake ba su ruwa. Yau ranarmu ce. Na tarar da Baba zaune a kan kunya, ruwa yana wucewa ta gabansa, bai buɗe ba. Na ce Baba ƙasa ta fara tsagewa. Ya ce ya bar wa na ƙasa. Na hango gonar Baffa, ita ma bakinta a toshe yake da laka, ba kowa a wurin. Ruwan ya wuce mu duka, ya tafi gonar mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Wato ruwan da Yaya Mudassiru ya yi wa Yaya Amiru abin da ya yi a kansa, yanzu ba mai so. Raina ya ɓaci har na manta ban ba shi ludayi ba, na dawo da shi a hannu.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan la'asar

Allah mai iko.

Yau ba karatu da yamma, na shiga zaure da Gafiya don ya fi sanyi. Simintin wurin duk ɗigon tawada ne, na shekara da shekaru, inda yara suke kifar da kurtu. Ina jan motar da hannu a ƙasa, tana jone da kwamfuta, ina tunanin wani abu dabam, sai na ga lamba ta yi tsalle. Na mayar da ita baya. Ta sake tsalle. A kan wani tsohon ɗigon tawada ne, wanda ni da ƙyar nake ganinsa.

Na kira Malama ta wayar Umma. Ta yi dariya ta ce ai kuwa haka ne, yawancin maka rini ce, hasken idanun yana ratsa ta ya wuce, amma tawadar allo baƙin tukunya ce da gawayi, ita kam tana shanye shi. Ta ce ta manta ba ta gaya mana ba.

Saura Baba. Na jira ya gama cin abinci, na durƙusa na ce ina son tawada. Ya ce allon wa zan rubuta. Na ce layi zan ja a ƙasa, mota ta bi. Na ɗauka zai ce in tashi in ba shi wuri. Sai ya ce ba daga kurtun da alƙalami ya shiga ba. Wadda aka rubuta karatu da ita ba ta taɓa ƙasa, balle a taka. In ina so, sai a dafa sabuwa a tukunya dabam.

Na ce ban iya ba. Ya ce ya sani.

Alhamis, 15 ga Mayu, da yamma

Baba da kansa ya dafa. Ya kankare baƙin tukunyar Umma, ya daka gawayi, ya jiƙa ƙaro, yana juyawa yana ɗaga ludayi yana duba kaurin. Ya ce shi da Hambali suke yi wa mahaifinsu tawada suna yara, shi yana juyawa Hambali yana hura wuta, kullum kuma sai Hambali ya ɗanɗana ƙaron an zane su tare. Ya faɗi sunan sau biyu. Da ya lura, sai ya ce in kawo masa ruwa.

Na ja layi a tsakar gida da tsumma a bakin kara. Daga ƙofar ɗakin Umma, ya zaga turmi, ya bi gindin katanga, ya lanƙwasa ya dawo. Na jira ya bushe. Na ajiye ta.

Ta bi. Tana rawar kai hagu da dama kamar mai maye, amma ta bi. Umma ta fito da muciya a hannu tana kallo. A kwanar turmi ta mutu, ta farfaɗo, ta sake mutuwa.

Juma'a, 16 ga Mayu, lokacin da maza suka tafi masallaci

Na kwanta a bakin rariya na kwatanta wa likita ciwon. Hidaya ta ce injinan ne suke zuƙe wutar in sun tashi da ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta suma. Ta ce in ba ƙwaƙwalwar nata batir dabam, amma in haɗa baƙaƙen wayoyin biyu wuri ɗaya. Na ce haɗawar sai da dalma. Ta ce in turo. Na tura Gafiya ta rariya, na zauna ina jin ƙamshin dalma yana tsallako katanga, domin ta ɗora ƙarfen ne a kan garwashi. Kafin a sakko daga masallaci ta dawo min da ita.

Na ce mata Malama tana maganar Bilkisu. Ta ce, "To ki tafi da ita mana." Muryarta ba ta yi kama da mai nufin haka ba.

Na ce in ba da ke ba, Gafiya ta koma ƙarƙashin rumbu ta yi zamanta.

Ta ce ni dai taurin kai, gadon gida. Na ce ai tare muka gada.

Lahadi, 18 ga Mayu, da safe

An sallamo Yaya Amiru jiya. Na ji tsayuwar a-daidaita-sahu, na ji mata suna sannu, na ji muryarsa. Daga gidanmu ba wanda ya je. Umma ta dama kunun gyaɗa, ta zuba a kwano mai murfi, ta tsaya da shi a tsakar gida tana kallon langa-langa, sannan ta ce mu sha.

Ban sha ba.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Tawada tana dusashewa inda ake takawa, Gafiya tana ɓata a wuraren. Maimakon in sake dafawa, sai na yi dabara. A cikin umarnin akwai lambar da ke raba fari da baƙi. Na sassauta ta, na ce mata duk abin da ya fi siminti duhu ko kaɗan, layi ne, ki bi. Yanzu tana zagaye tsakar gida ba tsayawa, har na ƙara mata gudu. Ina jin kaina kamar injiniya.

Yaya Mudassiru ya kira Umma. Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Da ta fito ta ce yana gaishe ni, wai yana tambayar ko tayoyin sun riƙe. Tayoyin da Yaya Amiru ya yanka ya tambaya. Na gane abin da yake tambaya.

Talata, 20 ga Mayu, da yamma

Malama Rekiya ta je gidan Baffa da kanta. Na ji sallamarta ta katanga. Ya karɓe ta da mutunci, aka kawo mata ruwa, ya saurare ta har ta gama. Ya ce ya gode, amma ba yanzu ba.

Yau ma ranar ruwa ce, yau ma ya wuce.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan an tashi makaranta

Na shiga ofis na shirya faɗa, har na tsara abin da zan ce. Malama ba ta bar ni na fara ba. Ta ce ta bar sunan Hidaya. Ta ce in ranar Asabar ba ta zo ba, makaranta ta fita, ita kuma za ta tsaya gaban shugabar makaranta ta amsa. Na ce me ya sa. Ta ce ta ga liƙin da ke jikin motar, ta san ba hannuna ba ne, kuma ba za ta kai aikin mutum Kano ta bar mai shi a gida ba.

Na fito na je na sami Bilkisu na ba ta haƙuri. Ta ce haƙurin me. Ashe ba ta ma san an yi maganarta ba. Na ce ta dai riƙe, zai yi amfani wata rana.

Yanzu tsoro nake ji. Da ni kaɗai ce zan yi asara, yanzu na jawo Malama.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan magariba

Bari in bi a hankali.

Gab da kiran la'asar na fito da Gafiya in gwada ta. Baba yana kan tabarma a ƙofar ɗakinsa. Na ajiye ta, ta zaga turmi lafiya, ta kama gindin katanga. Ban lura ba ashe Baffa yana alwala a can ɓangaren, ruwan butarsa ya biyo rariya, ya shigo siriri a kan simintinmu, ya ratsa layina. Jiƙaƙƙen siminti ya fi busasshe duhu. Ni da hannuna na gaya mata duk abin da ya fi siminti duhu ta bi shi.

Ta iso mahaɗar, ta ɗan yi rawar kai, ta saki tawada ta kama ruwa. Na yi tsalle in cafke ta, santsi ya kwashe ni. Ina kallo ta shige rariya da gudun da na ƙara mata.

Sai shiru. Ƙarar buta ta tsaya. Ina jin kukan injinan a can, sannan kukan ya canja, irin na tayar da aka ɗaga sama tana juyawa a iska, sannan ya mutu. Na dubi Baba, Baba yana duban rariya. Na jira a turo ta da ƙafa, ko a wullo ta ta saman katanga. Wallahi har na rufe ido. Aka kira salla, Baba ya tashi ya fita, ba abin da ya dawo ta ramin. Na kwanta na leƙa, ba Gafiya, ba Hidaya, sai buta.

Bayan an idar Baba ya dawo ya zauna. Bai daɗe ba aka yi sallama a zaure. Na san muryar. Umma ta saki tsintsiya.

Baffa ya shigo har tsakar gida, Gafiya a hannunsa, ya riƙe ta nesa da jiki kamar mai cizo. Ya rame. Bai zauna ba, bai kuma dubi kowa ba sai layin da ke ƙasa. Ya bi shi da ido tun daga ƙofar Umma har katanga. Ya sunkuya ya dangwala yatsa inda ruwa ya jiƙa tawadar, ya murza.

"Ƙaron ya yi yawa, Yaya," ya ce.

Baba ya ce, "Ba mai ɗanɗanawa ne."

Ba wanda ya yi dariya, amma na ga gemun Baffa ya motsa. Ya juya motar yana duba tayoyin, ya daɗe a kansu, ya san wanda ya yanka su. Ya ce ya nuna wa Amiru, Amiru ya ce a gaya wa Nafi tayar hagu ta ci, a juya ta. Sannan ya tambaye ni me ya kai ta wurinsa. Na ce kuskurena ne, ruwan alwalarsa ta ɗauka layi ne.

Ya ce, "Ita ma ruwa ta biyo."

Baba ya sunkuyar da kai. Na ɗauka shi ke nan, an taɓo wurin. Sai Baba ya ce, a hankali, shinkafar ƙasa ba za ta kai wani mako ba. Baffa ya ce ta sama ma haka. Ba su ƙara ba.

Ya miƙo min Gafiya. Wurin ɗagawa ya fizge wayar ido ɗaya, tana reto. Ya ce in yi haƙuri, ya ɓata min, zan iya gyarawa? Na san ya kamata in ce ba komai, Baffa. Amma bakin nan nawa.

Na ce, "Ni ban iya ba, Baffa. Mai gyaran tana gidanka. Jibi ne gasar, kuma in babu ita ba za a bar ni in shiga ba."

Umma ta kira sunana da irin muryar da ke nufin za mu haɗu anjima. Baffa ya dube ni sosai, karon farko tun ranar. Ya dubi wayar da ke reto. Sannan ya juya ya fuskanci katanga, bai ko ɗaga murya can ba, don ya san tana nan manne da ita.

"Hidaya. Zo ki gyara abin da na ɓata."

Ta zaure ta zagayo, da ƙarfen liƙi a hannu, ko takalmi babu.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan azahar

Na mayar da lambar inda take, na zuba ruwa a kan layi na gwada, ta wuce ko kallo. Hidaya ta ce kaico, da hankalinta ya fi yawa. Mun juya tayar hagu.

Baffa bai ce za ta je ba, bai kuma ce ba za ta je ba. Langa-langa tana nan. Yaya Mudassiru yana Kumbotso. Hidaya ta wanke farin hijabinta ta shanya a kan katanga, rabi a ɓangarensu rabi a namu, inda duk mai wucewa zai gani.

Asabar, 24 ga Mayu, da sassafe

Na shirya, Gafiya tana cikin kwali a cinyata, Malama tana jira a bakin titi. Ina jin motsi a bayan katanga amma ban san na mene ne ba.

An ja turmi.

Asabar, bayan magariba

Ta ƙofar tsakiya Hidaya ta shigo. Baffa bai cire langa-langar ba, ya dai matsar da ita daidai yadda mutum zai wuce a karkace, ya ce mu yi sauri kada mu sa Malama jira.

Mun zo na huɗu. A zagaye na ƙarshe wata makaranta daga cikin birni ta wuce mu a kwana, motarsu kamar an sayo ta a kanti. Gafiya ba ta saki layi ko sau ɗaya ba. Wani alƙalin gasar ya ɗaga ta yana tambayar wa ya yi liƙin, Hidaya ta ɗaga hannu, ya tambayi tayoyin, muka haɗa baki muka ce yayanmu. A mota ta yi barci a kafaɗata tun kafin mu fita daga gari, ta jiƙa min hijabi da yawu.

Da muka dawo Umma tana tsaye a tsakar gida da kwanon nan mai murfi. Ta ce tunda zan kai wa Amiru motar ya gani, in tafi da wannan. Na ce hannuna biyu ne, kwali ya cinye su. Ta harare ni, ta gyara mayafi, ta ce in wuce gaba.

Sai da ta karkata kwanon kafin ya shiga, kunu ya ɗan zuba a bakin ƙofar.